Ambaliya, Fari da Girman Jikin Yaro: Tambayoyin da Iyaye Ke Yawan Yi a Zariya

Duk shekara idan ruwan Agusta ya kankama, mazauna bakin Kubanni da Kamacha da masu gonaki a fadamar Galma sukan kwana cikin zullumi. Idan ruwa ya yi ɓarna ya janye, ana lissafa katangar da ta faɗi da buhunan masarar da suka jiƙe da awakin da ruwa ya ci, amma da wuya a ji wanda ya sa goyon da ke bayan uwa ko cikin da take ɗauke da shi a cikin lissafin asara. An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abin da iyaye da kakanni suka fi maimaitawa a wurin awo da gidajen suna da majalisun unguwa.

Da gaske ne ambaliya ko fari na iya hana yaro girma, alhali bai ji ko ƙwarzane ba?

Da gaske ne. Yawancin yaran da bala'i ke tauye wa girma ba a ranar bala'in abin yake samunsu ba, sai a watannin da ke biyo baya, lokacin da rumbu ya ƙare da wuri, rijiya ta gurɓace, gudawa ta riƙa zuwa tana komawa, uwa kuma ta shagala da neman inda za a kwana. Jikin da ba ya samun isasshen abinci yakan fara tanadin abin da zai riƙe rai, ya jingine ƙara tsawo. Yaron yana wasa, yana dariya, babu wanda ya lura, sai bayan shekara biyu ko uku a ga ƙanensa ya kamo shi.

Dama can yaranmu ba su da rara. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa, inda Zariya take, adadin ya kai 57 cikin 100. Idan ambaliya irin ta 2022, wadda ta hallaka sama da mutum 600 ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ta faɗa wa irin waɗannan yara, to ta tarar da su ne a bakin gaɓa.

Wane lokaci ne a rayuwar yaro ya fi haɗari?

Ma'aikatan lafiya suna kiransa kwana 1,000 na farko, wato daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu. Jariri mai lafiya yakan zo duniya da tsawon kusan santimita 50, ya kai wajen 75 a shekara ɗaya, ya kai wajen 87 a shekara biyu, nauyinsa kuma ya ninka uku kafin ya cika shekara. Babu wani lokaci da ɗan Adam zai sake girma da irin wannan sauri, ko lokacin balaga bai kai shi ba, don haka wata uku na yunwa ko jinya a wannan tsakani ya fi ɓarna nesa ba kusa ba a kan wata uku ga ɗan shekara bakwai.

A cikin wannan lokaci ma akwai inda ya fi rauni, wato daga wata shida zuwa shekara biyu, sa'ad da nono kaɗai ya daina isa, yaro ya fara rarrafe yana kai komai baki, sannan yaye ya ƙarato. A Zimbabuwe masu bincike sun bi yaran ƙauyukan da farin 1994 zuwa 1995 ya shafa, suka tarar 'yan wata 12 zuwa 24 sun yi asarar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu na tsawo, yayin da yayyensu ba su nuna irin wannan asara ba. A Habasha kuma, waɗanda yunwar 1984 ta riska suna tsakanin wata 12 da 36 sun girma sun gaza tsararrakinsu da abin bai shafa ba da aƙalla santimita biyar.

Mene ne bambancin rama da tsumburewa?

Rama ita ce nauyin yaro ya gaza abin da ya dace da tsawonsa. Tana zuwa cikin makonni, ana ganinta da ido, tana iya kisa, kuma tana warkewa idan an kai yaro asibiti da wuri. Tsumburewa kuwa ita ce tsawon yaro ya gaza abin da ya dace da shekarunsa. Tana taruwa ne a hankali, ba ta da zafi balle a yi kuka da ita, gyaranta kuma yana da wuya bayan shekara biyu. Akwai kuma tamowa mai kumburi, inda ƙafafu da fuska ke kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, har wasu su zaci ƙiba ce ko sammu. Yadda ake gane rama da tamowa mai kumburi yana cikin amsar tambayar da ta yi magana a kan lokacin zuwa asibiti.

Mu danginmu gajeru ne tun kaka da kakanni. Ba gado ba ne kawai?

Gado yana da nasa rabo, musamman a tsawon da mutum zai tsaya a kai bayan balaga. Amma tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna dubban yara a Gana da Indiya da Oman da Birazil da Nowe da Amurka, waɗanda aka shayar da su nono suka kuma tashi cikin wadata da tsabta, sai ta tarar girmansu a shekaru biyar na farko kusan ɗaya ne duk da bambancin launi da ƙabila. Daga wannan aiki aka fitar da ma'aunin girma na 2006. Saboda haka idan ɗan shekara biyu ya yi ƙasa sosai da layin da ke katinsa, bai kamata a rufe maganar da cewa haka kakansa yake ba. Sau da yawa abin da ake kira gado wahala ce aka gada: uwar da ta tsumbure tana ƙarama takan haifi ƙaramin jariri, shi ma ya fara rayuwa daga baya.

Ina da juna biyu lokacin da ruwa ya ci gidanmu. Abin zai taɓa ɗan da ke cikina?

Yana iya taɓa shi, amma ba dole ba ne, kuma akwai abubuwa da dama da ke hannunki. Hanyoyin da aka sani uku ne: ƙarancin abinci, ciwo irin zazzaɓin cizon sauro wanda ke rage jini ya kuma taɓa mabiyiya, da matsanancin tashin hankali. Kowannensu yana ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini ko jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba.

Mafi yawan abin da likitoci suka sani a kan wannan ya samo asali ne daga yunwar da aka yi a Holan a hunturun 1944 zuwa 1945. Yaƙi ne ya jawo ta, amma darasinta ya shafi kowace irin yunwa. Rabon abincin babban mutum ya faɗi zuwa kalori 400 zuwa 800 a yini. Matan da yunwar ta riska a ƙarshen ciki sun haifi ƙananan jarirai, waɗanda ta riska a farkon ciki kuwa sun haifi jarirai masu nauyi daidai, sai dai da jariran suka manyanta an fi samun ciwon zuciya da ƙiba a cikinsu. A Kwibek ta Kanada ma, bayan guguwar ƙanƙarar Janairun 1998 da ta bar wasu gidaje makonni babu wuta, an ga cewa gwargwadon wahalar da mai ciki ta sha, gwargwadon yiwuwar ɗanta ya yi ƙiba fiye da kima a yarinta.

Abin yi shi ne kada ki bar awo ko da kin koma wata unguwa, domin kowace cibiyar lafiya za ta iya karɓarki. Ki ci gaba da shan ƙwayar ƙarin jini da maganin kariya daga zazzaɓi da ake bai wa masu ciki, ki kwana cikin gidan sauro. Maigida da uwar miji kuma su sani cewa a irin wannan hali mai ciki ce ta fi cancantar ƙwai ko tsokar da ta rage a tukunya.

Ta wace hanya ruwan ambaliya ke isa jikin yaro?

Babbar hanya ita ce rijiya. A tsofaffin gidajenmu na cikin ganuwa da Tudun Wada da Sabon Gari, masai da rijiya sukan kasance a tsakar gida ɗaya, taku kaɗan ne tsakaninsu. Idan ruwa ya cika masai ya tumbatsa, ƙazantar tana gangarawa rijiya ta baki ko ta ƙarƙashin ƙasa, kuma bayan kwana biyu ruwan yakan kwanta ya yi garau kamar babu komai. Da shi ake dama koko, da shi ake wanke kofin jariri. Gudawa sau ɗaya ba ta tsumburar da yaro, amma idan ta riƙa dawowa, hanji yakan ƙwarzabu ya kasa tsotse amfanin abinci, har ma a lokacin da gudawar ta tsaya. Shi ya sa ake tafasa ruwan sha ya yi aƙalla minti ɗaya yana tafarfasa, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa irin su WaterGuard, har sai an yashe rijiyar an zuba mata sinadari.

Hanya ta biyu ita ce kududdufai da sauro, ta uku kuma cunkoso. Na taɓa shiga wani aji na makarantar firamare da aka tsugunar da iyalai bayan ruwa ya rushe musu ɗakuna. An jingine bencina a bango, tabarmi sun haɗe da juna, ga wata baiwar Allah a lungu tana ƙara ruwa a kofin koko don ya ishi yara uku, ƙaramin yana tari idanunsa sun yi ja. A irin wannan ɗaki ƙyanda takan zagaye yara cikin 'yan makonni, kuma ƙyanda tana barin yaro a rame, jikinsa ba ya iya kare kansa daga wasu cututtuka na tsawon lokaci.

Akwai ta huɗu da ba a cika ambata ba, wato hatsin da ya jiƙe. Masara da gyaɗar da suka sha ruwa suka yi fumfuna suna tara guba mai suna aflatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Bincike a Benin da Togo ya nuna cewa yaran da aka fi samun wannan guba a jininsu su ne suka fi tsumburewa. Na san zubar da buhun masara a shekarar asara ba ƙaramin abu ba ne, amma ko da za a tsince a ci, kada a yi wa yaro kunu da ita.

Tun da abin ya faru nonona ya ragu. In koma madarar gwangwani?

A'a, sai idan ma'aikacin lafiya ya duba ya ga babu wata mafita. Tashin hankali yakan jinkirta saukar nono na ɗan lokaci, amma ba ya ƙafar da shi, kuma ko uwar da ba ta ƙoshi sosai tana samar da nono mai amfani. Abin da ke ƙara nono shi ne yawan tsotso, dare da rana. Madarar gwangwani tana buƙatar ruwa mai tsabta da wutar tafasa kwalba a kowane lokaci, waɗanda su ne suka fi wuya bayan ambaliya, ga tsada da ke sa a riƙa tsinka ta. Jaririn da bai kai wata shida ba nono zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, hatta a zafin bazara. Idan haihuwar ta zo a cikin wannan hali, kada a matse dakashi a zubar, domin shi ne kariyar farko.

Ina roƙon kakanni musamman da su jinkirta yaye a shekarar da aka yi asara. Al'adar ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka tana raba shi da abinci mafi tsabta a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa, Alƙur'ani mai girma kuma ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya yi nufin cika shayarwa.

Fari fa? Ai Zariya ba ta rasa ruwan sama kamar can arewa.

Gaskiya ne Zariya takan sami ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Amma ba sai damina ta gaza ɗungurungum ba. Ruwa ya ɗauke na mako uku lokacin da masara ke fitar da goyo ya isa ya rage amfanin gona, kuma idan an yi fari a Katsina ko Jamhuriyar Nijar, farashin mudu yana tashi a kasuwar Sabon Gari da ta Giwa. Ƙasar Hausa ta san wannan tun yunwar Kakalaba ta 1914, dattawa kuma ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Bambancin shi ne ambaliya tana zuwa da ciwo a gaba, yunwa ta biyo baya, fari kuwa yana fara cinye miya kafin tuwo: ƙwai da kifi da wake su ɓace daga tukunya, a bar yaro da koko tsararo, cikinsa ya cika amma jikinsa bai sami abin gini ba.

Yara mata sun fi maza cutuwa?

A halitta jarirai maza sun fi rauni, kuma a ƙididdiga sukan ɗan fi mata yawan tsumburewa. Sai dai inda ake fifita namiji a rabon abinci ko kai wa asibiti, mace ce ke ɗaukar nauyin shekarar wahala. A Indunusiya an gano cewa matan ƙauye da aka haifa a shekarar da ruwan sama ya wadata sun fi tsawo da yawan shekarun karatu bayan sun girma, ba a kuma ga irin wannan bambanci ga maza ba. Tsawon 'ya mace yana da ƙarin muhimmanci, saboda ƙugun da bai buɗe sosai ba yana jawo doguwar naƙuda, ga kuma abin da aka faɗa a amsar tambayar gado.

Idan yaro ya riga ya tsumbure, zai iya kamo tsararrakinsa?

Ya danganta da shekarunsa da kuma abin da ya biyo bayan bala'in. A lardin Aceh na Indunusiya, yaran da ba a kai ga haihuwarsu ba, suna cikin uwayensu lokacin igiyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004 sun fara rayuwa a gajarce, amma bayan 'yan shekaru, da aka sake gina yankin abinci da asibiti suka wadata, yawancinsu sun kamo. A Bangaladesh kuwa, yaran gidajen da ambaliyar 1998 ta shafa an sake auna su bayan fiye da shekara ba su farfaɗo ba, haka ma 'ya'yan talakawa a binciken Zimbabuwe da aka ambata a sama. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, tsawon lokacin da iyali suka ɗauka kafin su miƙe ya fi girman bala'in kansa tasiri a jikin yaro.

Kafin shekara biyu dama tana da faɗi. Bayan haka tana raguwa, amma ba dalili ba ne na sakaci, domin abinci mai kyau da lafiya da makaranta suna ci gaba da gina ƙwaƙwalwa da ƙarfin jiki. A guji dai ɗura wa gajeren yaro kayan zaƙi da lemon kwalba don ya yi ƙiba, saboda ƙiba ba ta mayar da tsawo.

Da me za a ciyar da yaro idan hannu ya yi ƙasa?

Cikin ɗan shekara ɗaya bai fi kofin shayi ɗaya ba, don haka kowane cokali sai ya zama mai nauyi. Kunu ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali da sauƙi ba, a sa masa garin soyayyen waken soya ko ƙuli-ƙuli mai kyau ko gyaɗa, da ɗan cokalin manja ko man gyaɗa. Faten da Zazzagawa suka shahara da shi abinci ne mai kyau ga yaro idan an sa wake da zogale ko alayyafo da dakakken busasshen kifi, aka rage yaji. Awara da ƙwai ɗaya ko da sau uku a mako suna taimakawa ƙwarai. Ɗan wata shida zuwa takwas yana cin abinci sau biyu zuwa uku a yini bayan nono, daga wata tara kuma sau uku zuwa huɗu da ɗan abin taɓawa a tsakani. A zuba masa a kwanonsa daban a zauna da shi, domin a kwano ɗaya da yayye ƙaramin hannu ba ya samun rabo.

Na sha ganin rabon kayan agaji na shinkafa da taliya da katifa, babu ko abu ɗaya da ɗan wata tara zai amfana da shi. Ya kamata masu unguwanni da limamai da ke rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa su riƙa ware adadin masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyu, su kuma nemi a sa wake da waken soya da mai da sabulu da gidan sauro a cikin kayan.

Yaushe ne ya zama dole a tafi asibiti?

Ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, ma'aikatan lafiya suna auna damtse da wani tef mai launi uku. Kore lafiya ce, rawaya, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, gargaɗi ne, ja kuwa, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. A gida kuma a danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan wurin ya lotsa bai taso nan take ba, a kai shi a ranar. Haka ma idan ya ƙi nono, ko yana aman duk abin da ya ci, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya yi sauri, ko akwai jini a bayan gidansa, ko idanunsa sun faɗa.

Gudawa ana fara maganinta tun a gida da ruwan gishiri da sukari na leda, tare da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, ba tare da an daina nono ko abinci ba. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kullum na mako biyu, domin a nan ne ake mayar da abin da ciwo ya ɗebe. Cibiyar lafiya ta unguwa ita ce matakin farko, idan abin ya fi ƙarfinta akwai Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Idan an ba da abincin tamowa na leda, magani ne na yaron da aka rubuta wa, ba a raba shi da yayye kuma ba a sayar da shi.

Ruwa ya tafi da katin rigakafin ɗana. Sai an sake daga farko?

Ba a sakewa daga farko. Ki koma inda aka saba yi masa, suna da rajista, in kuma kin yi nisa ki faɗa wa ma'aikaciyar inda kike abin da kike tunawa, za ta ci gaba daga nan ta ba ki sabon kati. Allurar ƙyanda ta wata tara da ta wata 15 su ne mafi gaggawa ga yaran da ke zaune a cunkoso, saboda dalilin da aka bayyana a amsar hanyoyin ambaliya. Ki tambayi bitamin A da ake ɗiga wa yara duk wata shida, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida duk wata a damina ga 'yan wata uku zuwa shekara biyar. Ki kuma nemi a auna tsawonsa tare da nauyinsa a rubuta a sabon katin, sannan ki ajiye katin cikin leda a wuri mai tudu, ko maigida ya ɗauki hotonsa a waya.